Haƙƙin Wanda Ya Kwanta a Bama

 A wannan fitowa muna so mu ɗan kauce wa zancen ƙa'idojin rubutu da tsadar ɗab'i da muka saba tattaunawa a wannan fili, mu kawo wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Tambayar kuwa a maƙabartar Tarauni muka tsince ta, daga bakin yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba.

Ranar da aka kai kakarmu makwancinta, wadda duk gidan muke kira Iya, bayan an mayar da ƙasa an yayyafa ruwa, sai liman ya yi addu'a, ya roƙi Allah Ya gafarta mata, Ya kuma gafarta wa mazajenta biyu da suka riga ta. Muna kan hanyar komawa gida Gyaɗi-Gyaɗi sai ɗan yayarmu ya matso ya ce, "Kawu, an nuna mini kabarin Alhaji. To shi ɗaya mijin Iya ina nasa?" Muka ce masa yana Bama. Ya ce, "Bama ta Barno?" Muka ce a'a, wata Bama ce can gaba da Indiya. Ya ce, "A wane gari? Wa ya yi masa salla?" Nan fa muka yi shiru, domin mutumin da ake tambaya shi ne mahaifin mahaifinmu, kuma duk cikinmu babu mai amsa.

Ga tambayar a dunƙule: mutumin da ya mutu a uwa duniya, cikin yaƙin da ba nasa ba, sanye da kakin waɗanda suka ci ƙasarsa da yaƙi, shin yana da haƙƙi a kan jikokinsa su bi sawunsa? Ko kuwa abin da ya fi shi ne a bar kaza cikin gashinta?

YADDA AKA TAFI DA SU

Kafin mu shiga muhawara ya kamata mu yi wa matasanmu 'yar shimfiɗa, domin da yawa in an ce yaƙin Bama sai su ɗauka tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, ya ɓarke a 1939 ya ƙare a 1945. A lokacin Nijeriya tana hannun Ingila, Sarkin Kano kuwa Abdullahi Bayero ne. Turawa suna da rundunar sojan Afirka ta Yamma da suka kafa tun 1897 a ƙarƙashin Lugga, kuma a nan Nijeriya Hausa ce harshen barikinta, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Da yaƙi ya yi zafi sai aka buɗe ɗaukar soja ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Wasu sun kai kansu saboda sulen da ake biya kullum, wasu haraji ya koro su, wasu fushi suka yi da gida, wasu kuwa dagaci aka ce ya kawo mutum kaza, shi kuma ya duba ya ga wanda ba shi da mai tsaya masa.

Da farko an kai 'yan Nijeriya gabashin Afirka, inda suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa har cikin Habasha. Bayan Japan ta ƙwace Bama daga hannun Ingila a 1942, sai aka kafa manyan runduna biyu a 1943, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo ta yankin Arakan, har suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, masu kutsawa ta bayan abokan gaba. Gaba ɗaya mutanen Afirka ta Yamma da aka kai wannan fage sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya ne. Ba kowa ke riƙe da bindiga ba. Dubbai 'yan dako ne masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, domin ƙasar duwatsu ce da surƙuƙin daji inda mota ba ta shiga, guzuri ma sai dai jirgin sama ya jefo. Bayan harsashin Japan ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga ruwan damina da ba ya ɗaukewa.

Wanda ke son shaida ya dubi sunayen barikokin sojanmu: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Legas. Duk daga can aka kwaso su. Wato mun riƙe sunan daji da gari, amma mutanen da suka kwanta a cikinsu mun bar su sun ɓace.

ABIN DA IYA TA SANI, DA ABIN DA MUKA TONO

Abin da Iya ta sani bai cika tafin hannu ba. Takan ce a zamanin nan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni karkara ce a bayan ganuwa, gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, babu wannan cunkoso na Titin Zariya da Titin Kotu. Ya tafi bayan girbi, tana goyon mahaifinmu. Ya ce mata zai shiga birni neman kuɗin haraji, sai labari ta ji an gan shi a tashar jirgin ƙasa cikin kaki, za a wuce da su Ikko. Wasiƙa ɗaya ce ta zo, wani ya rubuta masa da boko, aka kai wa malamin makaranta ya karanta mata. Abin da ta riƙe a ciki shi ne sun yi kwana da kwanaki a kan ruwa ba su ga ƙasa ba, kuma a shafa masa kan yaro. Takardar gara ta cinye ta tun kafin a haife mu.

A 1946, da 'yan Bama suka fara dawowa, wani mutumin Tarauni da suka tafi tare ya zo ya yi sallama a zaure, ya ce an harbe shi a bakin wani kogi. Daga baya wani kuma ya ce ba harbi ba ne, ciwon ciki ne ya kashe shi a asibitin soja. A kan mutuwar sun haɗu, a kan sanadi sun saɓa, ranar kuwa babu wanda ya iya faɗa. Malamai suka ce ta yi takaba don kore shakka. Haka ta zauna wata huɗu da kwana goma tana takabar mutumin da wataƙila ya shekara biyu a ƙasa.

Bayan tambayar yaron nan sai muka shiga nema. Mun zauna da dattawan Tarauni, amma waɗanda suka je Bama duk ƙasa ta rufe musu ido, sai 'ya'yansu, kowa da guntun labarin da ya tsinta. Mun je Kaduna, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, inda mai haƙuri zai ga rahotannin Razdan da na Di'o, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. Waɗannan takardu sun nuna mana zamanin sarai, amma talaka guda daga bayan ganuwa bai isa ya shiga rahoton Razdan ba.

Inda muka fara ganin haske shi ne wajen hukumar nan mai kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila, wadda aka kafa a 1917, wadda kuma ta zuba rajistarta a intanet kowa ya duba kyauta. A bayan birnin Rangun, wanda yanzu ake kira Yangon, a ƙasar da tun 1989 ake kira Myanmar, akwai maƙabartar Taukkyan. An fara ta a 1951, aka kwaso gawarwaki daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw aka tara, kabari fiye da 6,000. A tsakiyarta akwai ginshiƙan dutse da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Wasu mutanenmu kuma suna maƙabartun Chittagong da Maynamati, a ƙasar da yau ake kira Bangaladash, inda a da asibitocin soja suke.

To amma nan gizo ke saƙar. Masu ɗaukar soja ba su cika damuwa da sunan uba ba. Sunanka, sai garinku, sai a ba ka lamba mai farawa da NA. Saboda haka rajistar cike take da sunaye irin su Audu Kano da Garba Sakkwato da Musa Katsina. Kuma ba duk wanda aka rubuta wa Kano ne Bakano ba, wani daga Damagaram ya zo ci-rani, wani kuwa sunan ƙarya ya bayar don kada iyaye su biyo sawu. Muka buga sunan kakanmu haɗe da Kano, sai ga mutum uku. Biyu suna jikin ginshiƙan Rangun, babu kabari. Na ukun yana da kabari da dutse a Bangaladash. Babu sunan uba, babu na mata, babu na unguwa. Lambar da za ta raba gardama kuwa, in ma an rubuta ta, tana jikin wasiƙar da gara ta ci.

Mai karatu ya lura da irin jarrabawar da muka shiga. Labarin asibiti ya dace da mai kabarin, labarin bakin kogi ya dace da sauran biyun. Wata 'yar'uwarmu ta ce, "Ku ɗauki mai kabarin kawai mana, a wanko hoton a rataye a falo. Wa zai ƙaryata mu?" Gaskiyarta, babu mai ƙaryata mu. Zuciyarmu ma can ta karkata, domin kabari ya fi jerin sunaye kwantar da rai.

HUJJAR BAFFA

Ana cikin haka labari ya kai kunnen Baffa, wanda shi ne babba a zuriyar yanzu, malami ne mai zaure da almajirai. Ya sa aka kira mu bayan sallar isha'i. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya ce:

"Ku yaran nan me kuke tonowa? Ku je Tarauni ku duba, kabari nawa ne ke da suna? Shekara kaɗan ƙasa ta baje, wanda ya haƙa ma ba zai gane ba. Mu ba mu gaji rubutu a kan dutse ba. Sanin ƙasar da bawa zai mutu yana cikin abubuwan da Allah Ya keɓe wa kanSa, ku duba ƙarshen Suratu Luƙman. Addu'a kuwa ba ta neman adireshi."

Muka ce, "Haka ne, Allah Ya gafarta Malam."

Ya ce, "Na biyu, kun san kakin wa ya sa? Rundunar nan ita ce ta fasa ganuwar Kano a 1903, ita ce ta shafe Satiru a 1906. Turawan ciki ba su da yawa, baƙar fata ne suka yi musu aikin. Iyayenmu da suka yi shiru da zancensa ba mantuwa suka yi ba, sutura suka yi masa. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Na uku, in kun gano, zai dawo ne?"

Ba mu yi masa musu a zaure ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce. Amma hujjoji uku ne masu nauyi, kuma duk wanda zai bi sawun wani nasa da ya mutu a irin wannan hali sai ya ci karo da su, ko daga bakin dattijo ko daga cikin zuciyarsa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

TSAKANIN SUNA DA DUTSE

Maganar dutse gaskiya ce. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa rashin suna a kabarin Tarauni bai dame mu ba? Dalili shi ne mamacin Tarauni yana da wata ma'adana wadda ta fi dutse. Akwai waɗanda suka yi masa wanka, akwai sahun da ya sallace shi, akwai kafaɗun da suka ɗauki makara, akwai zaman makoki. Bayan nan a mayar da sunansa ga jika, a riƙa kiran yaron Abba ko Baba don kunya, a riƙa cewa wane ɗan wane jikan wane. Bakin mutane shi ne rajistarmu. Wanda ya kwanta a Bama bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Turawa sun ba shi layi guda a jikin dutse, sun yanke shi daga ubansa da unguwarsa. Mu kuma da ke da uban da unguwar muka rufe baki. Da muka bincika sai muka tarar a duk zuriyarmu, jikoki da tattaɓa-kunne, babu yaro ɗaya da aka mayar wa sunansa. Ashe an binne shi sau biyu ke nan, sau ɗaya a can, sau ɗaya a gida.

Akwai kuma bambanci tsakanin rashin suna da rashin suna. A watan Afrilu na 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta kafa, wanda ya gano cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a yi musu wata alama ba sam. Rahoton ya kawo yadda Gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya ba da shawara a 1923 cewa mutumin ƙasar ba zai san darajar dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. To jama'a, idan mu muka bar kabari babu suna, muna yi ne don sarki da talaka su kwanta daidai a gaban Ubangijinsu. Idan kuwa wani ya sassaƙa sunan ɗansa, ya bar naka don yana ganin ba ka kai ba, wannan raini ne. Kada tawali'unmu ya zama mayafin da za a lulluɓe rainin wani da shi.

ZANCEN KUNYA

Hujja ta biyu ta fi ciwo, kuma ba za mu wanke ta da ruwan sanyi ba. Gaskiya ne kaki ɗaya ne. Gaskiya ne kuma yaƙin ba nasa ba ne, ba shi da gona a Arakan, Bajapane bai taɓa cin masa iyaka ba. Amma in za a yi shari'a a yi ta da adalci. Wa ya kira shi? Ta hannun wa aka ɗauke shi? Ƙasar nan gaba ɗayanta ta yi wa yaƙin nan bauta. Gyaɗarmu ta tafi, an kwashi talakawa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, filin jirgin saman Kano ya zama zangon jiragen yaƙi masu wucewa Masar. Sarkin Katsina Usman Nagogo, bayan hawansa gado a 1944, har Bama ya je ya gai da sojojin. Manyan da suka yi wannan hidima muna kiran tituna da makarantu da sunayensu, ba mu ga laifinsu ba, mun ce zamani ne ya zo da haka. To don me zamanin zai zama uzuri ga mai rawani, ya zama abin kunya ga wanda ya fita neman kuɗin haraji?

Dubi Chari Maigumeri. Ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya dawo hannun Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. Tuta biyu masu gaba da juna ya yi wa aiki, kuma babu wadda take tasa. Irin rayuwar da mulkin mallaka ya bar wa talaka ke nan, wanda bai ɗanɗana ba ya yi hattara da yanke hukunci.

Amma fa a nan akwai rami na biyu, wanda mu marubuta muka fi faɗawa. Don gudun kada a kira shi ɗan barandan Nasara, sai mu mayar da shi gwarzon da ya ceci duniya daga Hitila. Wannan ma ƙarya ce. Ba mu ga abin da hannunsa ya aikata a dajin nan ba. Mai yiwuwa ɗan dako ne da bai taɓa harba bindiga ba, mai yiwuwa kuma ya kashe ɗan wani, wanda uwarsa ta yi ta jira a Japan kamar yadda Iya ta yi jira a nan. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu karɓe shi a yadda yake, mutum mai rauni da aka jefa cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kuma ba ka cewa ƙamshi yake.

IN AN GANO, ZAI DAWO NE?

Ba zai dawo ba. Amma shari'armu ma ba ta ɗauki wanda ya ɓace a matsayin wanda babu shi ba. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kansa, igiyar aurensa da gadonsa duk suna rataye, har akwai inda matarsa sai ta jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali, kuma alƙalin sai ya sa an bincika. Wato neman labarin wanda ya ɓace aiki ne da addini ya san da shi.

Bugu da ƙari, bincike yakan tono bashin da ba a san da shi ba. Ga misalin Isaac Fadoyebo, wani Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo. A 1944 Japanawa suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da David Kargbo ɗan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, alhali in an kama shi kashe shi za a yi. Fadoyebo ya dawo gida ya rubuta labarinsa. Bayan fiye da shekara sittin ɗan jaridar nan Barnaby Phillips ya bi sawu har ƙauyen, ya sami iyalin Shuyiman, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo, aka nuna a Aljazeera a 2011. Fadoyebo ya rasu a 2012, bayan godiyarsa ta isa. Musulmin wannan yanki na Arakan su ne 'yan Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash a 2017. Mun ji labarinsu a rediyo mun yi musu addu'a a matsayin 'yan'uwa na nesa, ba mu san kakanninsu sun taɓa ba namu ruwa da shinkafa ba. Wa ya sani ko wani irin Shuyiman ne ya rufe wa kakanmu ido?

ABIN DA MUKA YANKE

Ba mu ɗauki mai kabarin ba. Ba mu ɗauki ko ɗaya ba. Da mun zaɓa don daɗin rai, da mun saci kakan wasu mun bar namu a daji, sannan mu gadar wa 'ya'yanmu ƙaryar da za su riƙa rantsuwa a kanta. Muka kira yaron nan muka nuna masa sunayen uku, muka ce ɗaya daga cikinsu mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma ba ya ciki, iyakar abin da muka iya kaiwa ke nan. Ranar wata Juma'a aka yi abinci aka yi sadaka, aka sauke Alƙur'ani a ƙofar gida. Baffa bai ce ya janye maganarsa ba, mu ma ba mu nema ba. Amma ya zo da almajiransa, kuma shi ya shafa fatiha. Da aka gaya masa mutum uku ne, sai ya ce, "To ai da sauƙi, tun da sunansu ɗaya, addu'a ɗaya ta ishe su." Mun fita neman mutum guda mun dawo da uku, kuma wataƙila sauran biyun tun 1946 ba a ƙara ambatonsu a wata ƙofar gida ba sai ran nan.

JAN HANKALI GA MARUBUTA

'Yan'uwa, wannan fage ne da ke jiran alƙalumanmu. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, ya fitar da littafinsa Burma Boy a 2007 da Turanci. Amma da Hausa, harshen da aka yi wa sojojin nan fareti da shi, suka yi raha da shi, da yawansu kuma suka yi kalmar shahada a tsakanin masu jin sa, shagunan littattafanmu ba su cika da labarinsu ba. Ga wanda zai shiga, muna da shawara uku.

Ta farko, a fara da tsofaffin mata. Maza sun tafi da labarin fagen fama, amma labarin jira da takaba da rainon maraya yana ɗakin iyayenmu mata, kuma kullum raguwa suke. Mu da kanmu mun yi sake, sai da Iya ta kwanta sannan muka san tambayoyin da ya kamata mu yi mata.

Ta biyu, a nemi lamba. Duk wata tsohuwar takardar sallama, ko lambar girma da aka jefa a ƙasan adaka, a duba ta da kyau, domin lambar soja ita ce mabuɗin rajista.

Ta uku, wadda ta fi duka, a raba abin da aka gani a takarda, da abin da aka ji a baki, da abin da aka zata. Mai ƙagaggen labari yana da 'yancin ya cike giɓi da tunaninsa, muddin ya faɗa cewa ƙage ne. Amma wanda ya ce tarihin kakansa yake rubutawa, to amana ya ɗauka ta mutumin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Inda sani ya ƙare a ajiye alƙalami.

KAMMALAWA

Kowace ranar 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a saki tattabaru, a watse. Wannan na hukuma ne. Namu na gida shi ne mu san wa ya tafi, daga wace unguwa, ɗan wa, ya bar wa, mu faɗa wa yaranmu ba ƙari ba ragi, mu mayar da shi cikin sahun waɗanda ake ambata in an ɗaga hannu. Amsarmu ke nan ga tambayar da muka buɗe da ita: yana da haƙƙi, kuma haƙƙin nasa gaskiya ce da addu'a. Duk wanda ke da irin wannan labari a gidansu, a Tarauni yake ko a Gyaɗi-Gyaɗi ko a wani gari, muna roƙon ya rubuto wa wannan mujalla, ko da shafi guda ne.

Allah Ya jiƙan Iya. Allah Ya jiƙan mutum ukun nan masu suna ɗaya, da dukkan Musulmin da suka kwanta nesa da gida. Mu kuma in tamu ta zo, a duk ƙasar da aka rubuta mana, Allah Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalam.